Sabon maciji a littafin masana: darasi ga manoman Tasawa da Mayahi

Daga faɗuwar damina har zuwa ɗaurin dami, muna yawan gamuwa da macizai, a gona da gindin rumbu da cikin kara. Darasinmu na yau a kan wani ƙaramin maciji ne, da yadda masana suke gane shi. A ciki akwai abin da zai tsare lafiyarmu.

Labarin ya fito daga Cadi

A shekarar 2021, wani likita Bafaranshe mai binciken macizai, Jean-François Trape, ya bayyana wani irin maciji wanda babu shi a littattafan masana. An same shi a ƙasar Cadi, maƙwabciyarmu ta gabas. Saboda haka ya raɗa masa suna Lycophidion tchadensis. Kalmar farko sunan dangi ce. Ta biyu tana nufin "na Cadi".

Da aka ce sabo, ba yau aka halicce shi ba. Ya daɗe a dajinsa. Masana ne ba su bambanta shi da ƴan'uwansa ba sai a wannan shekara.

Wannan likita ya yi aiki a ƙasarmu ma, tare da abokin aikinsa Youssouph Mané, mutumin Senegal. Daga 2004 zuwa 2008 sun tara macizai 1,714 a garuruwan Nijar, da taimakon mutanen ƙauye. A 2015 suka fitar da lissafi: iri 51 aka sani a Nijar. Mafi yawansu ba su kashe mutum.

Kamannin wannan dangi

Turawa suna kiran dangin nan "macijin kyarkeci", saboda haƙoransa na gaba dogaye ne, sun lanƙwasa baya. Ga alamunsa:

1. Ƙarami ne, yawanci bai wuce kamu ɗaya ba.
2. Kansa a baje yake, idanunsa ƙanana.
3. Baƙi ne ko ƙasa-ƙasa mai duhu, sau da yawa da ɗigo-ɗigon fari.
4. Da dare yake fita. Da rana yana ɓoye ƙarƙashin dutse ko ruɓaɓɓen icce.
5. Abincinsa kulɓa da ƙananan ƙadangaru. Jikin kulɓa santsi gare shi, dogayen haƙoran nan su ke riƙe ta.
6. Ba shi da dafi.

Yaya masana suke gane sabon iri?

Ba su dogara da launi, domin launi yana ruɗi. Ƙidaya suke yi. Mun san jikin maciji a rufe yake da ƙananan ɓawo. Masani yana ƙirga na ciki, tun daga wuya har gindin wutsiya. Sannan ya ƙirga na ƙarƙashin wutsiya, da layukan da suka kewaye tsakiyar jiki. Ya dubi na kai da na leɓe, ya auna tsawo, ya rubuta namiji ne ko mace.

Bayan haka sai ya gwada da waɗanda aka daɗe da ajiyewa cikin kwalabe a gidajen adana halittu. A zamanin yanzu har ɗan yankin nama ake kaiwa ɗakin bincike, a duba abin da macijin ya gada daga iyayensa. In bambanci ya tabbata, sai a rubuta bayani, a buga, a ajiye guda ɗaya ya zama shaida ga na baya.

Duk wannan aiki a kan mataccen maciji ake yinsa, a bisa tebur, da gilashin ƙara girman abu. Mu lura da wannan da kyau.

Kama da wane ba ta wane

Akwai wani ƙaramin baƙin maciji a kudancin ƙasarmu wanda masana suke kira Atractaspis. Cikin ƙasa yake zaune, yana fitowa da dare, musamman bayan ruwan sama. Jikinsa baƙi ne mai sheƙi, wutsiyarsa gajera mai tsini. A duhu, shi da macijin kyarkeci kamar an tsaga kara. Amma wannan yana da dafi. Yana fitar da fiƙarsa ta gefen baki ya soki mutum, ko da an riƙe shi a bayan kai. Wurin yakan yi zafi ya kumbura, har yatsa ya lalace.

Haka kuma akwai macijin da ke haɗiye ƙwan tsuntsu. Ba shi da dafi, amma zanensa irin na kububuwa ne, har yana goga jikinsa ya yi ƙara kamarta. Kububuwa kuwa tana cikin macizan da suka fi kisa a yankinmu.

To, in masani sai ya yi ƙidaya kafin ya tabbatar, ina ga manomi mai cocila a tsakar dare? Don haka kada mu taɓa maciji da hannu, babba ko ƙarami, ko da an ce mana ba ya sara. Mu gargaɗi yara da makiyaya.

Rigakafi ya fi magani

Mu riƙe cocila in za mu fita da dare. Mu sa takalmi mai rufe ƙafa lokacin noma da girbi. Mu bugi dami da sanda kafin mu ɗaga shi. Kada mu sa hannu cikin ramin ɓera ko na gafiya. Mu share gindin rumbu, domin ɓera shi ke jawo maciji. Mu kwana cikin gidan sauro, mu cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

In tsautsayi ya auku

1. A kwantar da wanda aka sara, kada ya yi gudu.
2. A cire zobe da munduwa da takalmi kafin kumburi.
3. A ɗora wa hannun ko ƙafar sanda don kada ta motsa.
4. Kada a ɗaure tamau da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. Baƙin dutse ba ya fitar da dafi.
5. A ɗauke shi a amalanke ko mota zuwa gidan likita mafi kusa, ba tare da jinkiri ba. In abin ya yi tsanani, za su tura shi asibitin Tasawa ko na Mayahi, ko Maraɗi.
6. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. A faɗa wa likita girmansa da launinsa da lokacin da ya yi saran.
7. In kumurci ya tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi likita.

Saran kububuwa yakan yi kamar da sauƙi a ranar farko, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko cikin fitsari. Kada mu jira sai mun ga haka.

Tambayoyi don ajin yaƙi da jahilci

1. Me ya sa aka ce da shi macijin kyarkeci?
2. Waɗanne abubuwa masana suke ƙirgawa a jikin maciji?
3. Ku rubuta abu uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu damina mai albarka.