Nasiha ga 'Ya'yana Masu Ƙungiyoyi Kan Zama da Bankunan Raya Ƙasa

Na lura a 'yan shekarun nan duk wanda ya yi wa ƙungiya rajista, babban burinsa shi ne a ce yana aiki da Bankin Duniya. Ba laifi ba ne. Sai dai yawancinku kuna dosar ofishin ne da takardar neman tallafi a hannu, idan aka ce babu sai ku juyo kuna cewa an yi muku rowa. Ku ɗan zauna mu yi magana, domin ina ganin tun daga bakin ƙofa ake samun rashin fahimta.

Bankin raya ƙasa mai ba da bashi ne, kuma galibi gwamnati yake bai wa. Haka Bankin Duniya yake tun kafuwarsa a 1944, haka Bankin Raya Afirka da ke Abidjan, haka Bankin Musulunci da ke Jidda. Gwamnatoci ne suka mallake su, gwamnatoci ne manyan abokan cinikinsu. A Najeriya Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ce ke sa hannu, sannan kuɗin ya gangara jihohi. Ku ɗauki ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, na dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Mutanen ƙauye suna cewa "Bankin Duniya ya kawo mana aiki", amma ba bankin ne ya ɗauki ɗan kwangila ba, ofishin aikin na jiha ne. Kuɗin kuma rance ne. Mai sauƙi ne, wa'adinsa da tsawo, amma dai sai an biya, kuma ku da 'ya'yanku ne za ku biya. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai shiga ofis yana sunkuyar da kai ba. Tambayar yadda aka kashe bashin da aka ci da sunanka ba rashin kunya ba ce.

To, me kuke da shi da bankin ke buƙata? Jami'insa yakan zo daga Abuja ko Washington ya yi 'yan kwanaki, a ɗauke shi a mota a kai shi inda aka shirya masa, a nuna masa rijiyar da ke ba da ruwa. Wadda ta ƙafe tun watan da aka ƙaddamar da ita tana can bayan tudu, ba wanda zai kai shi. Ku ne kuka san ta. Ku ne tsohuwa za ta gaya wa cewa an rubuta sunanta amma ba ta ga ko kwabo ba. Wannan sanin, da amanar da ta sa ake gaya muku, su ne jarinku, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba a kansu ya rataya.

Bankunan nan suna da ƙa'idoji rubutattu da suka ɗaure kansu da su, kuma ba don kirki suka rubuta su ba, matsa musu aka yi. A Indiya, mutanen kwarin kogin Narmada da su Medha Patkar sun yi shekaru suna adawa da madatsar Sardar Sarovar da za ta tashi dubban iyalai, wadda Bankin Duniya ya ba da bashin gina ta. Bankin Duniya ya naɗa kwamiti mai zaman kansa a ƙarƙashin Bradford Morse, rahoton 1992 ya nuna an yi sakaci sosai wajen tsugunar da mutane, a 1993 Indiya ta haƙura da ragowar bashin. A shekarar ne bankin ya kafa kwamitin binciken da ake kira Inspection Panel, inda talaka zai iya kai ƙarar bankin kansa. Madatsar dai an gina ta daga baya da wasu kuɗin, wannan ma ku riƙe shi. Amma ƙofar da aka buɗe tana nan, kuma Bankin Raya Afirka ya buɗe irinta a 2004.

Tun Oktoban 2018 sababbin ayyukan Bankin Duniya suna bin ƙa'idoji goma na kare mutane da muhalli. Ban ce ku haddace su duka ba. Ta biyar da ta goma dai, don Allah ku karanta su har su zauna muku. Ta biyar a kan karɓar ƙasa ce da tashin mutane, kuma a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa, domin gonar gado ba ta da takardar mallaka, kowa ya sani. Ƙa'idar ta ce mai haƙƙin gargajiya da dokar ƙasa za ta iya amincewa da shi yana da diyya. Wanda ma ba shi da wata hujja a kan filin, idan yana zaune ko yana nema a wurin, za a biya shi abin da ya gina ko ya shuka, a kuma taimaka masa ya sake zama. Diyyar kuwa kuɗin da zai isa a maye gurbin abin ce, ba a cewa ɗakinka ya tsufa a rage. Kuma sai an biya kafin a karɓi filin. Akwai wata rana da ake tsayarwa, wadda duk wanda ba a ƙidaya shi kafinta ba, ya shiga wahala. Mai noman aro, da matar da ke da 'yar gayauna a bayan gida, da Bafulatanin da burtalinsa ya ratsa wurin amma lokacin ƙidaya yana can kudu da shanu, su ne ake mantawa. Ƙungiyar da ta tsaya ta ga an rubuta waɗannan mutanen kafin ranar ta wuce ta yi aikin da ya fi taron bita ɗari.

Wannan ya kawo ni ga lokaci. Kuna zuwa ne bayan katafila ta shiga gona, alhali maganar ta fara shekara ɗaya ko biyu kafin nan. Tun Yulin 2010 Bankin Duniya ya ɗauki tsarin cewa takardunsa a buɗe suke, sai 'yan kaɗan da aka keɓe. Bayanin aiki, da shirin tuntuɓar jama'a, da shirin biyan diyya, ana sa su a intanet, wasunsu tun kafin hukumar bankin ta amince da bashin. Ku sa mutum ɗaya a cikinku, mai haƙurin karatu, ya riƙa duba abin da ake shirya wa jiharku. Takardun da Turanci suke, a Nijar kuma da Faransanci, dogaye ne, wasu shafukan sai ka yi gyangyaɗi. A tsamo abin da ya shafi mutane, a mayar da shi Hausa, a karanta a ƙofar mai unguwa ko a gidan rediyo. Kafin a sa hannu ana iya karkata hanya ta kauce wa maƙabarta. Bayan an ba da kwangila kuwa, kowane gyara kuɗi ne, kuma ba mai son jin sa.

Ƙa'ida ta goma ta tilasta a tuntuɓi jama'a. Kun san yadda ake yi. A kira taro a otal a babban birnin jiha, a nuna hotuna a bango, a ci shinkafa, a sa hannu a takardar halarta, a karɓi kuɗin mota. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne wannan takardar da kuka sa wa hannu ita ce za a liƙa a ƙarshen rahoto a ce an ji ta bakin al'umma. Ban hana ku zuwa ba. Ku je, amma da maganarku a rubuce, kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da shi. Ku nemi a ba ku rahoton taron ku ga ko abin da kuka faɗa ya shiga. Ku roƙa a sake zama a ƙauyen da abin ya shafa, ba ranar kasuwa ba, ba lokacin girbi ba, a kuma yi wa mata nasu zaman daban da mace mai tambaya, domin matar da ke kulle ba za ta buɗe baki a gaban dagaci ba.

Idan kuma za ku kai kuka, ku kai shi da hujja. "Ana cutar talakawa" ba ya motsa kowa a waɗannan ofisoshin. Sunan ƙauye, ranar da abin ya faru, gida nawa, hoto, da sakin layin ƙa'idar da aka karya, wannan shi ke hana jami'i barci. Ku bi mataki-mataki. Kowane aiki dole ne ya kasance da kwamitin sauraron koke, ku fara da shi ko da kuna ganin ba zai yi komai ba, domin za a tambaye ku. Daga nan sai jagoran aikin a ɓangaren bankin, sunansa yana cikin takardun. Sai sashen karɓar koke da bankin ya buɗe a 2015. Kwamitin bincike shi ne na ƙarshe, kuma mutum biyu da abin ya shafa sun isa su rubuta masa.

Yana aiki kuwa? Wani lokaci. A Uganda, mutanen da ke gefen hanyar Kamwenge zuwa Fort Portal, da taimakon wata ƙaramar ƙungiya mai suna Joy for Children, sun kai kuka cewa ma'aikatan ɗan kwangila suna lalata da 'yan mata ƙanana. Da farko ba a ɗauki maganar da nauyinta ba. Suka dage. A Disambar 2015 bankin ya soke bashin aikin, shugabansa na lokacin, Jim Yong Kim, ya amsa cewa an gaza. A gida kuwa, an rushe unguwar Badia ta Gabas a Legas a Fabrairun 2013, Amnesty ta ce kusan mutum 9,000 ne suka rasa muhalli ko wurin sana'a. Ƙungiyar SERAC ta kai ƙara gaban kwamitin binciken bankin, aka bi hanyar sulhu, gwamnatin Legas ta biya wani abu, kwamitin bai buɗe cikakken bincike ba, kuma da yawa daga cikin mutanen sun ce abin da aka ba su bai kai ko kusa ba. Na kawo muku biyun ne don kada ku yi wa mutanenku alkawarin abin da ba a hannunku yake ba.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ofishin aiki zai iya kiranku ya ba ku kwangilar wayar da kai ko horar da manoma. Halal ne, kuma ƙungiyoyi da yawa sun yi irin wannan aiki da kyau tun zamanin shirin Fadama. Amma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ba za ka karɓi kuɗi daga mai kula da aiki ranar Litinin ba, ka rubuta rahoton gazawarsa ranar Laraba. Ku zaɓi ɗaya a kowane aiki, ku kuma gaya wa mutanen gari wanda kuka zaɓa, kada su zo muku da sirri suna zaton ku nasu ne kaɗai. Lokacin da Switzerland ta dawo da dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha bisa yarjejeniyar Disambar 2017, aka ce a raba wa gidajen talakawa naira 5,000 a wata, Bankin Duniya yana lura. Ƙungiyar ANEEJ da ke birnin Benin ta haɗa kan wasu ƙungiyoyi, suka baza ɗaruruwan mutane suna tambayar masu karɓa ko kuɗin ya iso, kuma nawa. Kuɗin wannan sa idon daga Birtaniya ya fito, ba daga ofishin da ke rabon ba. Ina ganin shi ya sa aka saurare su.

Kada kuma ku ɗauki banki a matsayin uba. A Chadi Bankin Duniya ya shiga aikin bututun mai daga Doba zuwa Kribi a 2000, bisa sharaɗin a kashe kuɗin man a kan lafiya da ilimi da makamantansu, a ajiye wani kaso domin 'yan baya, da kwamitin sa ido mai wakilan ƙungiyoyi a ciki. Da mai ya fara kawo kuɗi, gwamnatin Idriss Déby ta sauya dokar a ƙarshen 2005. A 2008 ta biya bashin gaba ɗaya, bankin ya tattara ya tafi, 'yan ƙungiyoyin suka rage da gwamnatinsu. Don haka kada hulɗa da baƙo ta sa ku yanke zumunci da ɗan majalisarku, da mai binciken kuɗi na jiha, da hakimi, da 'yan jarida. Ku je wa jami'in gwamnati da ladabi, ku nuna masa takardar kafin ku kai ta gaba. Da yawansu ba mugaye ba ne, wani ma yana jiran wanda zai faɗi abin da shi ba ya iya faɗa.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Ku kuna iya komawa birni, manomin da ya yi magana yana nan tare da wanda ya yi ƙararsa. Kada ku sa sunan kowa ko hotonsa a takarda ko a Facebook sai kun zaunar da shi kun gaya masa abin da zai iya biyo baya, ya kuma yarda. Kwamitin bincike yana karɓar roƙon a ɓoye sunayen masu ƙara, ku rubuta wannan roƙon a cikin wasiƙar farko. Ku kuma duba ranar rufe aikin, domin a ayyukan da aka amince da su daga Satumban 2020 zuwa yau, wata 15 kawai ake da shi bayan rufewa a kai ƙara.