Amsoshin Tambayoyinku: Jiragen da Suka Ba Maƙeransu Kunya

Wani mai karatu daga Gwarzo ya aiko da tambaya: wai da gaske ne an taɓa ƙera jirgi mai saukar ungulu a Kano da tarkacen mota? Kuma me ya sa namu ne kaɗai ba ya tashi, na Turawa kuwa da an ƙera sai sama?

Malam, madalla da wannan tambaya. Sashenta na farko gaskiya ne. A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero mai shekara 24 ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas. Injin na Honda Civic ne, kujerun na tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga tarkacen wani Boeing 747 aka ciro su. Ya kuma tashi, sai dai bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Injin mota nauyi gare shi idan aka gwada da ƙarfin da yake bayarwa, shi kuwa jirgin sama ba abin da ya tsana kamar nauyi.

Sashe na biyun ne zan ɗan gyara maka, domin su ma Turawan sun sha kunya. A 1921 wani injiniya ɗan Italiya, Gianni Caproni, ya ƙera jirgi mai fukafukai tara da inji takwas, da niyyar ƙetare Tekun Atlantika da fasinja 100. Wajen gwaji a Tafkin Maggiore ya ɗan ɗaga, ya rikito cikin ruwa, ya ragargaje. A Amurka kuma attajiri Howard Hughes ya gina ƙaton jirgi na katako domin Yaƙin Duniya na Biyu, amma har yaƙin ya ƙare bai gama ba. Sau ɗaya tak ya tashi, ranar 2 ga Nuwamba 1947, ya yi tafiyar kusan mil guda a tsayin ƙafa 70. Wato ninki goma na tashin ɗan Kano, bayan an zuba miliyoyin daloli!

Amma a wurina babu kamar Vasa, jirgin ruwan yaƙi na Sarkin Suwidin Gustavus Adolphus. An yi masa ado da sassaƙe-sassaƙe, aka jera masa igwa 64 na tagulla, akasarinsu a hawa biyu. Matsalar ita ce sama ta yi nauyi, cikinsa na ƙasa kuma ya yi kaɗan ga duwatsun da ake zubawa don jirgi ya zauna daram a ruwa. Ka dai san abin da ke samun motar da aka lafta wa buhunan masara har sama da kanta idan ta zo kwana a hanyar Gwarzo zuwa Kano.

Abin takaicin, an ga alama tun kafin tafiya. An sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan don a gwada shi. A zagaye na uku aka dakatar da su, don jirgin ya fara tangaɗi. Sarki yana fagen fama yana ta aiko da takardar a gaggauta, ba kuwa wanda ya yi ƙarfin halin cewa a dakata.

Ranar 10 ga Agusta 1628 jama'ar Stockholm suka taru kallo. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta kaɗa shi, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse. Mutum kusan 30 suka rasu. An kafa kwamitin bincike, aka yi ta ɗora wa juna laifi, ba a hukunta kowa ba. Ai sarki da kansa ya amince da awon jirgin, wa zai kai shi ƙara?

A 1961, bayan shekara 333 a ƙarƙashin ruwa, aka tsamo Vasa kusan lafiya lau. Yau yana gidan tarihi a Stockholm, mutane na biyan kuɗi su shiga kallonsa.