Yadda Za Ki Gane Kwanakin Ɗaukar Ciki Ta Ruwan Mahaifa

Ƙwan mace ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai bayan ya fito, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 a jikinta idan ya tarar da ruwa mai yauƙi. Ke nan kwanakin da ciki kan shiga kamar 6 ne a wata, kuma ruwan da bakin mahaifa ke fitarwa shi ke sanar da zuwansu.

Ki fara dubawa daga ranar da kika yi wankan tsarki. Kullum, kafin fitsari, ki wanke hannu ki shafi bakin gaba da yatsa, ki murza abin da kika samu tsakanin yatsu biyu. Da farko wurin a bushe yake. Sai ruwa fari mai kauri da danƙo ya biyo baya. Daga nan ya tsinke, ya yi garau, yana santsi yana miƙewa kamar farin ɗanyen ƙwai. Wannan ne ake jira. Ki riƙa rubuta abin da kika gani kowane dare, wata biyu ko uku, domin lissafin fitar ƙwai a "rana ta 14" na mai zagayen al'ada na kwana 28 ne kawai.

Da zarar yauƙin ya bayyana, ku sadu kullum ko bayan kwana ɗaya-ɗaya, har kwana biyu bayan ya ɗauke. Kada ku jira ya kai ƙarshe; gara maniyyi ya riga ƙwai zuwa. Idan maigida matafiyi ne, ko kina da abokiyar zama kuma girkinki bai faɗo a kwanakin ba, ki yi maganar musayar kwana da wuri cikin lumana.

A ganina, babban mai ɓata wannan lissafi shi ne matsi da wanke cikin gaba da sabulu: suna canza ruwan, wasu ma su jawo cuta. Washegarin saduwa ma, ragowar maniyyi kan yi kama da yauƙin. Ruwa mai wari, ƙaiƙayi, ko launin rawaya da kore kuwa alamar ciwon sanyi ce, sai asibiti.

Idan shekara ta cika ba labari, ko wata 6 ga wadda ta kai shekara 35, ku je wurin likita ku biyu, a fara da gwajin maniyyinsa, don shi ya fi sauƙi.