Darasi ga masu aikin sa kai: mu tambaya kafin mu tashi

Tun da yaƙi ya shiga Wad Madani a Disamba 2023, mutane da yawa suka baro gida babu takardunsu. Idan dattijuwa ta zo ta ce, "Ɗana, katina ya ɓata," kada mu yi gaggawar tura ta layin abinci. Mu ba ta wurin zama, mu tambaye ta da Hausa: "Inna, wane kati? Na rabon abinci, na rajista, ko na rigakafin jikanki? A ina aka ba ki shi, Madani ko nan?" Sai mu maimaita mata abin da muka fahimta, har ta ce haka ne. Kowane kati da teburinsa. Idan muka kai ta layin da ba nata ba, ta yini a rana a banza, yara kuma suna jira. Matambayi ba ya ɓata.