Koyi Da Kanki: Yadda Ake Haɗa Guntayen Atamfa Su Zama Shimfiɗa

Darasinmu na yau a kan ƙyallayen nan ne da tela ke dawo miki da su cikin leda duk lokacin da kika kai ɗinki. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma kuɗinsa kika biya gaba ɗaya, har da guntayen da ake sharewa a zubar. In kin iya haɗa su, za ki sami shimfiɗar yaro, ko rigar filo, ko abin rufa na lokacin sanyi, ba tare da kin sake zuwa kasuwa ba.

Kada ki raina wannan aiki. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend da ke jihar Alabama ta Amurka, matan baƙaƙen fata sun daɗe suna haɗa abin rufa da tsofaffin tufafin aikin gona saboda talauci. A shekarar 2002 aka baje kolin ɗinkin nasu a gidan adana kayan zane na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunansa a kan sarki na gidan waya.

Kayan aikin duk kina da su: almakashi mai kaifi, allura da zare ko keke, tef na awo, fensir, kwali da dutsen guga.

Da farko ki ware ƙyallayen. Auduga da auduga, wato atamfa da 'yar'uwarta atamfa. Kar ki cusa leshi ko yadi mai santsi a tsakaninsu, don ba sa tsukewa daidai in an wanke, sai ki ga ɗinkin ya yamutse. Ki wanke su kafin ki yanka, ki ware masu zuba, musamman ja da shuɗi, sannan ki goge.

Sai ki yanki kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe inci 2 da rabi. Shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi a bayan ƙyalle ki zagaye da fensir, amma ki lura gefen kwalin ya bi tsayin zaren saƙar. In kika yanka a karkace, ƙyallen zai riƙa miƙewa a hannunki kamar roba, ya ƙi zama. Ki yanki guda 9: masu duhu 5, masu haske 4. Ki jera su uku-uku a faranti, masu duhu a kusurwoyi huɗu da tsakiya, masu haske a sauran gurabe. Wannan bambanci na duhu da haske shi ke fito da ado. Atamfa tana da yawan zane, in duk masu hayaniya kika haɗa ido ba zai ga komai ba, shi ya sa na fi son a sa farin yadi ko mai launi ɗaya a gurbin masu hasken.

To ga inda aikin yake. Ki haɗa guda biyu fuska da fuska, ki ɗinka kina barin rubu'in inci daga baki, wajen milimita 6 ke nan. Wannan rubu'in shi za ki riƙe daga farkon aiki har ƙarshensa. Kin ga kowane ƙyalle zai rasa rubu'i ta kowane gefe, ya koma inci 2 cif, guda uku a jere su ba ki inci 6. Ƙila ki ce mene ne a ciki in na ɗan zarce? To lissafa. Faɗin yadi ɗaya inci 36 ne, ƙyalle 18 a jere, ɗinki 17 a tsakaninsu. In kina zarcewa da milimita 1 kacal, kowane ɗinki ya ci milimita 2, don ƙyalle biyu ya kama. A ƙarshen layin kin rasa milimita 34, fiye da inci guda, layin kuma ba zai haɗu da na kusa da shi ba. Dabarar ita ce ki manna salatif a jikin keke daidai rubu'in inci daga allura, ki riƙa bin bakinsa. Mai ɗinkin hannu kuwa ta ja layi da fensir.

In kin gama layuka uku, ki goge bakin ɗinkin ta baya: na sama da na ƙasa su kwanta dama, na tsakiya ya kwanta hagu. Haka zai sa mahaɗar su shige juna in kin zo haɗa layukan, kusurwoyi su dace, kuma wurin ba zai yi tudun da ke karya allura ba. Dannawa ake yi da dutsen guga a ɗaga, ba a jan sa. Shi ke nan kin sami gida ɗaya, in kin auna za ki ga inci 6 da rabi.

Shimfiɗar yaro mai yadi ɗaya tsawo da faɗi tana cin gida 36. In ba ki da lokaci, ki yi 18 kawai, wato ƙananan ƙyallaye 162, sauran 18 ɗin ki yanko su sukutum daga yadi ɗaya, inci 6 da rabi kowanne, ki riƙa sa ɗaya bayan ɗaya. Gida biyu a rana bayan yara sun tafi makaranta, kwana tara kin gama.

Daga nan sai ki sa tsohon zani mai laushi ko siririn bargo a tsakiya, ki yi shafi da yadi guda a baya. Ki kama su ukun da dogon ɗinki na wucin gadi, kina farawa daga tsakiya zuwa baki don kada su tattare, sannan ki bi kan layukan da ɗinki na sosai, ki kalmashe bakin. In na jariri ne, ban da maɓalli ko duwatsun ado da zai iya cirewa ya haɗiya, kuma shimfiɗa masa za ki yi a ƙasa kina kusa, kada ki lulluɓe masa fuska da shi in yana barci.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake amfani da dogayen ƙyallaye sirara, don haka ki ajiye su a leda daban.