Allon bakin hanya: girman harafi da gudun mota

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wanda ya taso daga Zermu za shi kasuwar Mirya ko Damagaram, dole ya hau babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Gure da Difa. A bakinta akwai alluna. Mai amalanke yana ganin rubutunsu ya cika girma. Amma an yi su ne domin direba, shi kuwa ba ya tsayawa ya haɗa baƙi.

Ga lissafin. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ce "assalamu alaikum". Idan karatun allo ya ɗauki direba daƙiƙa 3, ya riga ya ci mita 75. Sannan ne zai taka birki. Ƙaramar mota a busasshen gudron tana buƙatar kamar mita 40 ko fiye kafin ta tsaya cik. Kamiyo mai lodin albasa ko wake ya fi haka nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ƙasashe suka tsara ma'auni. A 1968 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya kan siffar alluna da launinsu. A dokar Faransa, allon haɗari mai kusurwa uku ana kafa shi kamar mita 150 kafin wurin haɗarin idan a daji ne, a cikin gari kuwa mita 50, domin a gari gudu kaɗan ne. Allon da aka saba gani kowane gefensa mita 1 ne, na manyan hanyoyi kuma ya fi haka.

Harafi ma yana da nasa awo. A ƙa'idar Amurka, harafi mai tsawon santimita 1 ana karanta shi daga mita uku da rabi. Ke nan domin a karanta daga mita 75, sai harafi ya kai santimita 21, kusan taƙi guda na babban mutum. Inda gudu bai wuce kilomita 50 ba, santimita 12 ya isa. Wannan fa ga mai lafiyar ido ne da rana tsaka. Da dare, ko lokacin hunturu da hazo ya rufe gari, nisan gani yana raguwa sosai.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Sau da yawa mutanen ƙauye suna haɗa kuɗi su rubuta allo don lakwal, ko gidan likita, ko mararrabar da shanu ke tsallakawa zuwa rijiya. Sai a cika shi da sunan ƙungiya da godiya da shekara, duka da ƙananan baƙaƙe, a kuma kafa shi daidai ƙofar lakwal. Irin wannan allo ba ya kare yaro ko ɗaya. Kalma biyu ko uku sun isa, baƙin fenti a kan fari. Kafin a kafa, a nemi izinin hukumar hanyoyi. Bayan girbi kuma, kada a jingina damin gero ko kara a jikin allo, kada a bar reshe ya rufe shi.

Aiki: ku rubuta LAKWAL a kan kwali, kowane harafi taƙi guda. Mutum ɗaya ya riƙe, sauran su ja da baya suna ƙidaya taku, har inda rubutun ya daina karantuwa. Ku kawo wa malami adadin takun.