Tsohon Kiɗan Gurmi Ya Ƙi Zama a Hannunka? Ga Inda Ciwon Yake

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Gumel, gidanmu kuma yana ƙasar Gagarawa. Na sayi gurmi, burina in iya kiɗan waƙar Jummai ta marigayi Haruna Uji. Tana cikin wayata, na saurare ta har na gaji. Yatsuna suna zuwa inda ya kamata, amma duk wanda na kaɗa wa sai ya ce, "Wacce ce wannan?" Wani abokina ya nuna mini bidiyon Turawa masu kwantar da jita a cinya suna goga mata ƙarfe, ya ce tasu ta fi sauƙi tunda akwai layuka a jiki. In bar gurmin in koma can?

AMSA: Ɗana, kada ka sayar da gurminka. In ka koma can ma, abin da ka gudu shi za ka tarar yana jiranka.

Jitar da abokinka ya nuna maka asalinta daga tsibiran Hawai ne, kuma ana danganta ƙirƙiro salon ga wani yaro mai suna Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19. Layukan da ka gani a jikinta alama ce kawai ga ido. Tsirkiyar a ɗage take, ba ta taɓa su. Sandar ƙarfen da ke hannun hagu ita ke yanke sauti, in ta goce da faɗin ƙwayar gero, amo ya lalace. A Amurka akwai wani kiɗa marar waƙa da ake kira Sleep Walk, na wasu 'yan'uwa biyu, Santo da Johnny Farina, wanda ya hau saman jerin faya-fayan ƙasar a 1959. Har gobe masu koyo suna rububinsa don sun ji shi a hankali yake tafiya, sai sun shiga su gane kiɗa mai tafiyar hawainiya shi ya fi tona asirin makaɗi, domin kowane sauti yana daɗewa a kunnen mai sauraro har ya gane ko ya zauna ko bai zauna ba. Nan gida Najeriya ma an yi gwanin irin wannan jita, Demola Adepoju, wanda ya kaɗa ta a ƙungiyar King Sunny Ade, ana jin sa a faifan Juju Music na 1982, daga baya kuma a Graceland na Paul Simon a 1986. Da gurmi da goge da kukuma da kuntigi da wannan jita duk dangi ne ta fuska ɗaya: babu abin da zai tsayar maka da sauti sai kunnenka.

To, ka ce yatsunka suna zuwa inda ya kamata. Wa ya gaya maka nan ne inda ya kamata?

Fara da ɗaurin tsirkiya, domin mafi yawan masu irin kukanka a nan suke faɗuwa tun kafin su taɓa kiɗan. Waƙar da ke wayarka daga tsohon kaset aka kwaso ta. Rediyon da aka juya kaset ɗin a ciki in yana gudu fiye da kima, sautin duka zai hau. In batir ya yi sanyi, zai sauka. Shi kansa makaɗin ba da na'ura ya ɗaure gurminsa ba, da muryarsa ya auna a ranar. Saboda haka manhajar saita jita da samari ke saukewa a waya ba za ta fisshe ka ba, don ma'aunin Turawa aka gina ta a kai. Abin yi shi ne ka kunna waƙar, ka kasa kunne ga sautin nan mai kauri da ke ta dawowa a ƙarƙashin komai, wanda kiɗan ke sauka a kai duk ƙarshen gaɓa. Yi gunjinsa da bakinka a rufe. Tsayar da waƙar, kana ci gaba da gunjin, ka ɗame ko ka sassauta babbar tsirkiya har ta haɗu da muryarka. In sun kusa haɗuwa amma da saura, za ka ji amon yana rawa, yana wau-wau-wau. Yayin da kake matsowa rawar na raguwa, in ta ɗauke sun haɗu. Daga nan sai ka nemo ƙaramar tsirkiya ta wannan hanya.

Kada kuma ka ɗauka ɗaurin safe zai kai ka yamma. Ƙasarmu ta Lautai, wato Gumel, ba ta raga wa fata. Da hunturu fatar gurmi bushewa take ta ɗame, da damina ta sha raɓa ta saki, jaki, wato abin da ke ɗage tsirkiya a kan fata, ya nutse, sauti ya sauka ya dushe. In ta saki, ɗan shanya ta a hantsi ya isa. Kada ka kanga ta a bakin murhu, kada kuma ka bar ta a ɗakin kwano da rana tsaka a watan Afrilu, ƙwaryar na iya tsagewa. Sabuwar tsirkiyar roba, irin zaren kamun kifin da ake sa wa yanzu, takan yi kwanaki tana miƙewa kafin ta zauna. Sannan ka sami biro ka zagaye ƙafar jaki a kan fata. In jaki ya matsa ko kaɗan, duk wuraren da yatsunka suka haddace sun tashi daga aiki, kai kuwa ba ka sani ba, kana ta zargin hannunka.

Yanzu ga babbar maganar, kuma a nan nake so ka daɗe. Ajiye gurmin. Kiɗan da bakinka bai iya ba, hannunka ba zai iya ba. Ka ce ka saurara har ka gaji, amma sauraro daban, riƙewa daban. Gwada kanka: kashe wayar, ka rera kiɗan da baki tun daga farko, ba waƙar ba, abin da tsirkiya ke faɗa, kana tafa cinya. Na tabbata za ka tsinci kanka kana rera muryar Haruna Uji, ka bar gurmin a baya. Abin da ke faruwa ke nan: kunne yana bin mawaƙi don shi ke da kalmomi, kiɗan kuwa sai ya zama inuwa. Ga shi kuma abu biyu ne mabambanta. Wani wuri tsirkiya na bin murya sau da ƙafa, wani wuri tana jira sai ya ja numfashi ta cike gurbin, wani wuri tana ta maimaita ɗan zubi guda shi kuma yana yawo a kai.

Mu Hausawa muna da wata garaɓasa a nan da Bature mai koyon Sleep Walk ba shi da ita. Harshenmu mai hawa da sauka ne, kuma kayan kiɗanmu magana suke yi. Shi ya sa ɗan kokawa ke jin takensa daga nesa tsikar jikinsa ta tashi, alhali ba wanda ya buɗe baki. Makaɗan da suka gada ba da lamba suke koya wa 'ya'yansu ba, da kalmomi suke koyarwa. Kai ma yi haka. Kowace gaɓar kiɗa ka laƙa mata 'yar jimla taka wadda hawanta da saukarta da tsawon gaɓoɓinta suka dace da abin da tsirkiya ta faɗa, ko da maganar banza ce, ko sunayen ƙauyukan da ke kan hanyar Sule Tankarkar ne. Ka riƙa faɗinta a hanyar makaranta. Ranar da ka rera wa wanda ya san waƙar, da baki kawai, ya ce maka "Jummai ce," ranar ka ɗauko gurmi.

Da ka ɗauko, kada ka kama daga farko ka ce sai ƙarshe. Yanki abin da bai wuce numfashi ɗaya ba. YouTube yana ba ka damar rage gudu zuwa 0.75 ko 0.5, manhajar VLC ma haka, kuma sautin ba ya sauka. Rage, ka maimaita yankin, ka nemo sautukansa ɗaya bayan ɗaya. Ba su da yawa. Galibin karin gargajiyarmu a kan sautuka biyar yake yawo. Ga ɗan lissafi da zai rage maka lalube. Auna tsirkiya daga jaki zuwa inda aka ɗaure ta a sanda. A ce santimita 60 ce. In ka danna a tsakiya cif, wato 30, za ka sami sautin tsirkiyar da kansa amma a sama, kamar yaro da babba suna rera abu guda. In ka danna a santimita 20 daga ɗaurin, da kuma 15, za ka sami wasu manyan matakai biyu da kusan kowane kari ke takawa. Ka lura kuma, yayin da kake gangarowa wajen ƙwarya, tazarar sautuka na tsukewa, don haka buɗin yatsun da ya yi daidai a sama zai yi yawa a ƙasa. Ba laifi ka ɗiga alli a gefen sanda a makon farko. Bayan nan goge shi. Mai kallon sanda ba ya jin kansa.

Hannun dama kuwa, shi masu koyo suka fi rainawa, alhali shi ke riƙe da tafiyar. In sautukanka duka daidai ne amma bugun ya karkace, ba wanda zai gane waƙar. In bugun ya zauna, ko ka kuskure sauti ɗaya mutane za su gyaɗa kai. Ɗora yatsun hagu a kan tsirkiya ka kashe amonta, ka bi waƙar da dama kaɗai, ƙas-ƙas-ƙas, har sai kai da kaset kun daina tsere. A nan ne kuma za ka gano abin da ya raba gwani da ɗan koyo, wato kashe sauti. Gwani ba ya barin kowane amo ya yi ta kuka har ya hau kan na gaba. Yana buga shi, ya ɗan ɗaga yatsa ko ya taɓa da gefen hannu, ya mutu, na gaba ya fito fes. Masu jitar ƙarfe ma rabin horonsu a kan wannan yake ƙarewa. Sake sauraron Haruna Uji, wannan karon ka bi wuraren da gurmin ya yi shiru.

Ado, irin jan yatsa daga sauti zuwa sauti da karkarwa da 'yan gudun nan, bar su sai ƙarshe. Samari suna son farawa da su don su ne ke burge 'yan kallo, kuma da su ake ɓoye sautin da bai zauna ba. Ni ban yarda da karkarwar da aka ɗora a kan ƙarya ba.

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Duk mako ka ɗauki kanka a waya, ka bari sai gobe ka saurara. Ba daɗi, amma wayar ba ta jin kunyarka kamar yadda abokai ke ji.

Duk wannan da na zayyana rabin aiki ne, domin kaset ba ya ganin hannunka. Nemi mai yi. Malam Mamman Barka na Nijar, haifaffen Tesker a jihar Damagaram, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi har a wannan ɓangaren iyaka. Duk da sunan nan, da ya so koyon biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a 2002 sai ya tattara ya tafi bakin Tafkin Chadi da tallafin UNESCO, ya zauna gaban tsoho Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne gwani na ƙarshe. Barka ya rasu a 2018, amma biram bai bi Bukar Tar kabari ba. Kai tafiyarka ba ta kai haka ba. Haɗeja, garin Haruna Uji, maƙwabciyarku ce. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis tana tara mutane daga Najeriya da Nijar, kuma bayan an kawar da amfanin gona filayen kokawa sukan farfaɗo a karkara. Yi tambaya a irin waɗannan wurare. In an nuna maka dattijo, ka je da goronka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, koyo na zo." Kada ka zaro waya ka hau ɗaukarsa ba izini. Zauna ta gefen hagunsa inda za ka ga yatsu, in ya miƙo maka gurmin ka kaɗa abin da ka iya ba tare da dogon bayani ba. Gyaran da zai yi maka cikin minti biyar, wataƙila ya ɗan murɗa maka wuyan hannu ne kawai, ya fi wata guda na lalube.

Wata magana a gefe, tunda ɗalibi ne kai. Ka san yadda gidaje da yawa ke kallon kiɗa a wurinmu, musamman ga wanda bai gada ba. Kada mahaifinka ya fara ji a bakin mutane. Ka kiyaye lokutan salla da na barcin maƙwabta. Ƙyalle a ƙarƙashin tsirkiya kusa da jaki yana rage amo sosai.

In kuma bayan duk wannan ranka na kan jitar kwance, ba sai ka nemi ta ɗaruruwan dubbai ba. Jita ta gama-gari ma ta isa gwaji: a ɗaga tsirkiyoyinta daga wuya da ɗan ƙarfe, a ɗaure su yadda in an kaɗa su a sake za su ba da amo mai jituwa, ka kwantar da ita a cinya, ka sami guntun ƙarfe mai santsi da nauyi. Ƙarfen a kan layi cif yake tsayawa, ba bayansa ba, ba a kuma dannawa, yatsun da ke bayansa suna shafar tsirkiya don kashe ƙara. Amma ni shawarata ka gama da Jummai tukuna.

Ga sauran masu karatu kuma, musamman na Gumel da Maigatari da kewaye: duk wanda ke da tsofaffin kaset na masu gurmi da kukuma da garaya a cikin adaka, ya taimaka ya fito da su a juye a waya ko kwamfuta. Zafi yana cin zaren kaset, kuma yara irin wannan da su za su koya.